Saƙon da Ke Cikin Jini: Maikuro-RNA da Neman Manuniyar Cutar PCOS

Gabatarwa

Yayata ta shekara bakwai tana fama da ciwon da ba ta san sunansa ba. Tun tana 'yar shekara 19 jinin al'adarta ya fara yi mata gardama, ya zo a wannan wata, ya ɗauke wata uku ko huɗu, sannan ya dawo da yawa har ya kwantar da ita. Daga baya gashi ya fara tsiro mata a haɓa, ƙuraje suka cika mata fuska, bayan wuyanta ya yi baƙi kamar wadda ba ta cuɗawa. A inda muka taso a kudancin ƙasar nan, mace mai gemu ba ta rasa suna a bakin mutane, wasu su ce muguwa ce, wasu ma su ce mayya ce. Da ta yi aure aka shekara uku shiru, sai surutun ya koma gidan miji. Bahaushe idan zai ce mace ba ta taɓa ɗaukar ciki ba, sai ya ce ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ita kuwa yayata ɓatan wata ya zame mata jiki, amma ciki babu. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta sha ƙwayoyin kemis na "ciwon sanyi" ba adadi, kafin wata likitar mata a wani asibitin koyarwa ta zaunar da ita, ta yi mata tambayoyi, ta sa aka auna jininta aka kuma ɗauki hoton mararta, sannan ta gaya mata cewa sunan abin PCOS.

A watan Oktoba na 2024 aka ba wasu masana biyu kyautar Nobel saboda gano wani abu da ake kira maikuro-RNA. Ba a daɗe ba yayata ta kira ni ta ce ta ji ana cewa da wannan abu za a riƙa gano irin cutarta da ɗan jini kawai. Ta ce, "Ke da kike jami'a, bincika mini." Na ce, "Yaya, ai ni Hausa nake karantawa ba likitanci ba." Ta ce ai karatu karatu ne. To, wannan maƙala sakamakon wannan aike ne. Hausa ba harshen uwa ba ne a gare ni, a aji da kasuwa na koye ta, saboda haka inda aka ga na ƙirƙiri kalmar da ba ta zauna ba sai a gyara mini. Zan bayyana cutar da yadda ake gano ta, sannan in bayyana maikuro-RNA, daga ƙarshe in amsa tambayar yayata.

Sunan Cutar da Abin da Ke Cikinsa

PCOS taƙaitaccen suna ne na Ingilishi, amma saiwoyin kalmominsa na Girkanci da Latin ne. "Poli" na nufin yawa, "kistis" na nufin jaka ko mafitsara, kalmar gidan ƙwai ta fito daga "ovum" wato ƙwai, ita kuwa "sindrom" asalin ma'anarta gudu tare, wato alamomin da suke tafiya ayari ɗaya. A shekarar 1935 wasu likitoci biyu a birnin Shikago na Amurka, Irving Stein da Michael Leventhal, suka bayar da rahoton mata bakwai masu matsalar ɗaukewar al'ada da kumburin gidan ƙwai, kuma an daɗe ana kiran cutar da sunayensu.

Sai dai sunan PCOS yana ɓatar da mutane. Mace na jin an ce akwai jakunkuna a gidan ƙwanta, sai ta ɗauka ƙari ne da za a yi mata tiyata a cire. Alhali kuwa kowace mace tana da irin waɗannan 'yan jakunkuna, domin a cikinsu ƙwai yake girma. Kowane wata wasu daga cikinsu sukan tashi, ɗaya ta yi gaba ta kai kusan santimita 2, ta fashe ta saki ƙwai. Ga mai PCOS kuwa, da yawa sukan tashi amma su tsaya a hanya, babu wadda ta nuna. Su ne ake gani a hoto sun jeru kamar tsakiya a zare. Saboda wannan ruɗani ne a 2012 wani kwamitin masana da cibiyoyin binciken lafiya na gwamnatin Amurka suka kafa ya ba da shawarar a sauya wa cutar suna.

Abin da ke tsayar da jakunkunan shi ne rikicewar sinadaran da ake kira homon, wato 'yan aiken da jini ke kaiwa daga wata gaɓa zuwa wata. Jikin kowace mace yana yin homon ɗin maza ɗan kaɗan, amma a wannan cuta sai ya yi yawa, shi ke kawo gemu da ƙuraje. Haka kuma jikin mafi yawan masu cutar, har da marasa ƙiba, ba ya jin maganar insulin yadda ya kamata. Insulin shi ne homon ɗin da ke shigar da suga cikin ƙwayoyin halittar jiki. Idan jiki ya ƙi jin maganarsa, sai a ƙara yawansa, yawan nasa kuma ya zuga gidan ƙwai ya ƙara yin homon ɗin maza. Baƙin bayan wuya ma alamar yawan insulin ce, sabulu ba ya fitar da shi. Ke nan cutar ba ta tsaya a mara ba, tana jawo haɗarin ciwon suga. Kimanin mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da ita, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa waɗanda ba a gano tasu ba za su iya kaiwa kashi 70 cikin 100.

Yadda Ake Gano Ta

Babu gwaji guda ɗaya da zai ce mace tana da PCOS ko ba ta da ita. A 2003 masana suka taru a birnin Rotadam na ƙasar Holan suka amince da alamomi uku, idan biyu sun tabbata sai a ce ita ce. Ta farko rashin daidaiton al'ada, wato tazarar da ta wuce kwana 35, ko ta kasa kwana 21, ko kuma al'ada ƙasa da sau 8 a shekara. Ta biyu yawan homon ɗin maza, ko a gan shi a jiki ko a aune shi a jini. Ta uku yawan jakunkuna a hoton gidan ƙwai. A da 12 ake ƙidayawa, amma da na'urori suka ƙara gani, jagorar ƙasa da ƙasa ta 2018 ta mayar da adadin 20. Bayan wannan kuma dole likita ya kore wasu cututtuka masu kama da ita, kamar matsalar halittar nan ta maƙogwaro da ke kawo maƙoƙo, da yawan homon ɗin da ke kawo ruwan nono, da wata matsala ta halittun da ke saman ƙoda.

Kowace ɗaya daga cikin alamomin nan uku tana da rauninta. Yarinyar da ba ta daɗe da fara al'ada ba, rashin daidaito da ƙuraje da yawan jakunkuna duk abu ne da aka saba gani gare ta ko lafiyarta ƙalau, shi ya sa jagorar ta ce kada a dogara da hoto sai an shekara 8 da fara al'ada. Hoton da ya fi nuna gidan ƙwai sosai ta gaba ake shigar da na'urarsa, abin da budurwa da iyayenta da yawa ba za su yarda da shi ba. Homon ɗin maza kuwa ɗan kaɗan ne a jinin mace, auna shi daidai sai da na'ura mai tsada, kuma idan mace tana shan ƙwayar tsarin iyali sakamakon ba ya zama abin dogaro. Shi ma gashi ya danganta da jinsin mutane, matan gabashin Asiya ba su cika fitar da shi ba ko da suna da cutar. Waɗannan giɓoɓi ne suka sa masana ke neman wata alamar da ta fi waɗannan.

Mece ce Manuniya?

Kalmar da na zaɓa wa irin wannan alama ita ce manuniya, wato wani abu da za a iya aunawa a jiki ya nuna halin da jikin ke ciki. Mun saba da su ko da ba mu san sunansu ba. Layi biyu a tsinken gwajin ciki manuniya ce, yawan suga a jini ma haka. Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, to likita shi jini yake tambaya.

Manuniya ta gari tana da sharuɗɗa. Dole ta bayyana ga kusan duk mai cutar, kuma ta yi shiru ga wanda ba shi da ita. Dole idan an auna a Legas an kuma auna a Kano a sami amsa ɗaya. Sannan ta kasance mai sauƙin ɗauka, mai araha. Mai karatu ya riƙe waɗannan sharuɗɗa, domin da su za mu auna maikuro-RNA.

Mene ne Maikuro-RNA?

Jikin mutum an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, kuma kusan kowace ɗaya tana ɗauke da wani babban littafi da ake kira DNA, wanda aka rubuta da haruffa huɗu kacal. A cikin littafin akwai umarni kimanin 20,000 na yadda za a haɗa furotin iri-iri, su ne ma'aikatan jiki. Littafin ba ya fita daga ma'ajiyarsa. Idan ana bukatar wani furotin, sai a kwafi shafinsa a wata takarda da ake kira RNA ɗan aike, shi ne zai kai umarnin wurin da ake haɗawa. Haruffan RNA su ne A, U, G da C, kuma A da U suke kama juna, G da C su ma haka.

Abin tambaya shi ne, tun da littafi ɗaya ne a ko'ina, me ya bambanta ƙwayar halittar hanta da ta gidan ƙwai? Amsar ita ce kowace tana da shafukan da take karantawa da waɗanda take rufewa. Maikuro-RNA yana cikin masu wannan aiki na rufewa. Shi ɗan guntun RNA ne mai haruffa kimanin 22, ba ya haɗa furotin. Aikinsa ya tare ɗan aike a hanya, ya manne masa a inda haruffansu suka dace, ya hana shi isar da saƙo ko ya sa a yaga takardar. Ana iya kwatanta shi da dogarin ƙofar fada. Haruffa kamar bakwai na farko-farkonsa su suka fi muhimmanci wajen mannewar, saboda haka maikuro-RNA guda yana iya tare ɗaruruwan 'yan aike, ɗan aike guda kuma yana iya samun masu tare shi da yawa.

An gano shi ne a jikin wata tsutsa da tsawonta bai wuce milimita 1 ba, mai suna C. elegans. A 1993 Victor Ambros tare da Rosalind Lee da Rhonda Feinbaum suka nuna cewa wani umarni mai suna lin-4, wanda idan ya lalace tsutsar take ta maimaita matakin ƙuruciya, ɗan guntun RNA yake samarwa ba furotin ba. A shekarar ce Gary Ruvkun da abokan aikinsa suka nuna yadda guntun yake mannewa ɗan aiken lin-14. Da farko an ɗauka abin na tsutsa ne kawai. Sai a 2000 Ruvkun ya gano na biyu, let-7, aka kuma tarar da shi a jikin dabbobi iri-iri har da mutum. Allura ta tono garma ke nan. A 2001 aka raɗa musu suna, yanzu kuma an san cewa mutum yana da fiye da 1,000. Ambros da Ruvkun su ne suka karɓi kyautar Nobel ta 2024.

Sunayensu ma abin sha'awa ne ga ɗalibin ƙirar kalma. Saiwar ita ce miR, lambar da ke biye tana nuna jerin ganowa, ɗafa-goshi yana nuna mai shi, hsa na mutum, cel na tsutsar nan, ɗafa-ƙeya kamar a da b kuma yana bambanta 'yan'uwa masu kama da juna.

Yadda Ya Shiga Jini

Jini yana cike da sinadaran da ke daddatsa RNA cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, saboda haka ba a yi tsammanin samun maikuro-RNA a ruwan jini ba. Amma a 2008 masu bincike a Ingila da Amurka da ƙasar Sin, kowa a nasa ɓangaren, suka same shi yana yawo lafiya lau. An nuna cewa yana jure awa 24 a zafin ɗaki, yana kuma jure daskarewa da narkewa sau da dama. Dalili kuwa ba tsirara yake yawo ba. Wani yana cikin 'yan ƙananan ƙunshi da ƙwayoyin halitta ke fitarwa, kamar wasiƙa a ambulan, wani yana manne da furotin mai suna Argonaute 2, wani kuma yana hawan ƙwayoyin da ke jigilar kitse a jini. Wasu daga cikinsu saƙo ne da gaske, ƙwayar halitta ta aika wata ta karɓa. Wasu kuma ɓaraguzai ne na ƙwayoyin da suka mutu.

Nan take likitoci suka ga amfanin abin. Idan gidan ƙwai da kitse da hanta duk suna zubar da irin waɗannan guntaye a jini, to ana iya jin labarinsu daga jijiyar hannu ba tare da an taɓa su ba. Ana auna su ne da dabarar PCR, dangin wadda aka yi amfani da ita wajen gwajin korona a 2020.

Abin da Aka Gano Game da PCOS

Daga 2013 rahotanni suka fara fitowa. A wannan shekara wasu masu bincike a Amurka suka nuna cewa miR-93 ya yi yawa a kitsen jikin mata masu PCOS, kuma yana rage wani furotin mai suna GLUT4, wanda shi ne ƙofar da suga ke bi ya shiga ƙwayar halitta idan insulin ya ƙwanƙwasa. Wannan ya ba da ɗan haske a kan dalilin da jikinsu ba ya jin maganar insulin. A shekarar dai, a ƙasar Sin, aka sami ɗimbin maikuro-RNA a ruwan da ke cikin jakar ƙwai, aka ga miR-132 da miR-320 sun yi ƙasa ga masu cutar. A Sifaniya kuma aka auna miR-21 da miR-27b da miR-103 da miR-155 a jinin mata 12 masu cutar, da mata 12 marasa ita, da maza 12.

A 2014 wani bincike a ƙasar Sin ya kwatanta mata 68 masu PCOS da 68 marasa ita, ya tarar miR-222 da miR-146a da miR-30c sun hau a ruwan jinin masu cutar, kuma idan aka haɗa ukun sun fi bambancewa a kan kowane shi kaɗai. A 2015 a birnin Hul na Ingila aka kwatanta mata 25 masu cutar da 24 marasa ita waɗanda shekarunsu da nauyinsu suka yi daidai, aka ga miR-93 da miR-223 sun hau. Tun daga lokacin bincike ya yi ta ƙaruwa, sunaye suka yi ta yawa.

Idan mai karatu ya lura, zai ga kusan kowane bincike da jerin sunayensa. Nan ne gizo ke saƙar.

Matsalar Harshen Damo

A darasin ilimin ma'ana an koya mana jimla mai harshen damo. Idan aka rubuta "gari ya yi kyau", ba za a san garin tuwo ake nufi ko garin mutane ba sai an ji furuci ko an duba muhallin magana. Haka maikuro-RNA yake. Lokacin da aka fara ba da rahotonsa a ruwan jini a Okisfod a 2008, a jinin masu wata irin sankara aka same shi, kuma biyu daga cikin ukun da suka hau su ne miR-21 da miR-155, waɗanda aka zo ana aunawa ga masu PCOS. Shi ma miR-146a an san shi da tashi idan jiki yana yaƙi da cuta ko kumburi. To idan likita ya ga ɗayansu ya hau, wace ma'ana zai ɗauka?

Matsala ta biyu ƙiba ce. Binciken Sifaniya ya nuna cewa ƙiba da kanta tana sauya yawan waɗannan guntaye, kuma yadda take sauya su ga masu PCOS daban yake da na sauran mutane. Tun da mata da yawa masu cutar suna da ƙiba, mai bincike yana iya zaton cutar yake aunawa alhali kitse yake aunawa.

Ta uku, ita kanta cutar ba fuska ɗaya gare ta ba. Ɗaukar alamomi biyu cikin uku yana haifar da rukuni huɗu: mai dukkan ukun, da masu bibbiyu iri uku. Wata tana da gemu amma al'adarta daidai take, wata ba ta da gemu ko ɗaya amma al'ada ta ɗauke. Kamar kare-karen harshe ne, Sakkwatanci da Kananci duk Hausa ne amma wanda ya nazarci ɗaya ba zai yanke hukunci a kan ɗayan ba. Ga shi kuma adadin matan da aka auna kaɗan ne, 12 ko 25 ko 68, alhali ana duba ɗaruruwan maikuro-RNA a lokaci guda. A irin wannan yanayi wasu za su fito daban ko da bisa katari ne.

Ta huɗu rashin ƙa'ida. Wani ɗakin gwaji ya auna jini gaba ɗaya, wani ya bar shi ya daskare ya ɗebi ruwan sama, wani ya hana shi daskarewa. Kwalbar da aka zuba jinin ma tana da tasiri, domin sinadarin hefarin da ke cikin wasu kwalabe yana hana PCR aiki. Haka kuma babu ma'auni guda da kowa ya yarda a gwada sakamako da shi. Wasu sukan ɗiga cel-miR-39 na tsutsar nan a cikin samfurin, domin jikin mutum ba ya yin sa, su ga nawa ya tsira bayan an gama sarrafawa. Mu da muka san yadda rubutun Hausa yake idan kowa ya raba kalma yadda ya ga dama, mun san abin da rashin ƙa'ida ke jawowa.

Ta biyar fashewar jajayen ƙwayoyin jini. Waɗannan ƙwayoyi cike suke da wasu maikuro-RNA kamar miR-451a da miR-16. Idan allura ta yi ƙanƙanta ko aka girgiza kwalba suka fashe, sai su zubar da kayansu cikin ruwan jini su rikita lissafi.

Mu a Nan Gida

Wannan matsala ta ƙarshe ta fi shafarmu. Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen yawan masu zazzaɓin cizon sauro da kuma yawan jariran da ake haifa da sikila, kuma dukkan cututtukan biyu suna fasa jajayen ƙwayoyin jini tun a cikin jiki, kafin allura ta taɓa mutum. Binciken da na ambata kuwa duk a kan matan Turai da Amurka da Sin aka yi su. Ke nan ma'aunin da aka yanke a Hul ba za a ɗauko shi a ɗora wa matan Ibadan ko Zariya ba sai an sake gwada shi a jininsu. Ga kuma batun firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, wadda a cikinta aka saba adana samfurin bincike, a ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas.

Akwai wani misali da zai nuna mana tsawon tafiyar. Ƙananan jakunkunan ƙwai suna fitar da wani homon mai suna AMH, kuma tun farkon shekarun 2000 aka lura yana da yawa a jinin masu PCOS. Sai da aka yi kimanin shekara 20 ana tantancewa kafin jagorar ƙasa da ƙasa ta 2023 ta yarda a yi amfani da shi a madadin hoto. Duk da haka ta ce ga manyan mata kawai, ban da 'yan mata masu tasowa, kuma ba shi kaɗai zai yanke hukunci ba. A wannan jagora babu gwajin maikuro-RNA cikin hanyoyin gano cutar. Kafin ya shiga sai an auna dubban mata daga jinsi daban-daban da ƙa'ida ɗaya, an kwatanta masu PCOS da masu cututtukan da ke kama da ita, an kuma bi 'yan mata shekara da shekaru a ga ko jininsu ya faɗi abin da zai faru tun kafin ya faru. Alamu sun fi nuna cewa idan an yi nasara, tarin maikuro-RNA da yawa za a haɗa a karanta tare, kamar yadda jimla ke warware ma'anar kalma.

Kammalawa

Amsar da na kai wa yayata ita ce, maikuro-RNA gaskiya ne, yana cikin jini, kuma yana sauyawa ga masu PCOS. Ya riga ya taimaka wajen fahimtar yadda cutar ke aiki. Amma bai cika sharuɗɗan manuniya ta gari ba tukuna, domin bai keɓanta ga cutar ba, kuma sakamakon wani ɗakin gwaji bai cika dacewa da na wani ba. Duk wanda ya ce a biya shi kuɗi ya gano PCOS da shi, ya riga malam masallaci. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Shekaru bakwai ɗin da yayata ta ɓata kuwa, rashin sabon gwaji bai jawo su ba. Abin da likitar ta yi amfani da shi, tambaya da awon jini da hoto, yana nan tun ranar da al'adarta ta fara gardama. Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai mata, mu riƙa rubuta ranakun al'adarmu. Wadda tazararta ke wuce kwana 35, ko ta yi wata uku ba ta gani ba alhali ba ciki, ko gashi ya fara fito mata a haɓa da ƙirji, ta nemi likitan mata. Daɗewar ɗaukewar al'ada yana sa bangon mahaifa kauri, yana kuma ƙara haɗarin sankarar mahaifa, don haka ko wadda ba ta neman haihuwa ba za ta zauna da shi ba. Cutar ba ta da maganin da ke tumɓuke ta, amma ana shawo kanta da gyaran abinci da motsa jiki, da magunguna irin su metformin da ƙwayoyin daidaita al'ada, da letrozole ga mai neman ciki, duk bisa umarnin likita. Mata da yawa masu ita suna haihuwa. Ku kuma maza, za ku zama mazaje da iyaye, ku san cewa gemun mace homon ne ya kawo shi.

Mu ɗaliban harshe namu aikin shi ne samar da kalmomin da za a yi wa mace bayanin jikinta da harshen da take ji, domin wadda aka ce mata "ciwon sanyi" maganin sanyi za ta yi ta saye. Yayata har yanzu ba ta haihu ba, tana kan magani. Amma awon da aka yi mata ya nuna sugarta ta fara hawa, an kuma tare ta da wuri. Da na gama yi mata wannan dogon bayani a waya sai ta yi dariya ta ce, "To, ƙanwata, idan sun gama koyon karatun jinin, ki ce su zo su ɗebi nawa."